Wanda Zai Sha Ruwan Shi Ya Kamata A Fara Tambaya

A shekarar 2010 gwamnatin lardin New Brunswick da ke gabashin Kanada ta bai wa kamfanin SWN Resources, reshen wani kamfanin gas na jihar Texas ta Amurka, lasisin binciken iskar gas a fili mai faɗin hekta miliyan ɗaya da 'yan kai. Kusan kashi ɗaya cikin bakwai ke nan na lardin baki ɗaya. A cikin filin akwai dazuzzuka da koguna da fadamu da ƙabilar Mi'kmaq ke farauta da kamun kifi a cikinsu tun Turawa ba su san da nahiyar ba. Mutanen Elsipogtog, wani gari na Mi'kmaq a bakin kogin Richibucto, sun ce ba a zauna da su yadda ya kamata ba kafin a sa hannu. Tarurrukan da aka kira su daga baya, an kira su ne takarda na hannun kamfani. Shekara uku bayan haka suka fito suka tare hanya. Ni dai ina ganin gaskiya na gare su, kuma ina da dalilai.

Sai mutum ya san aikin da aka shirya yi a ƙasarsu kafin ya gane abin da ya tsorata su. Gas ɗin da ake nema ba a tare yake wuri guda ba, balle a huda ƙasa ya taso da kansa. A maƙale yake cikin wani irin dutse mai falle-falle, can ƙasa kamar kilomita biyu zuwa uku. Hanyar fito da shi ita ake kira firakin. Za a haƙa rijiya ta miƙe ƙasa, idan ta kai dutsen sai a karkatar da bakin haƙar ya bi kwance, ya yi tafiyar kilomita ɗaya ko biyu ko fiye. Sannan a jera manyan injinan famfo a bakin rijiyar, a kwaɓa ruwa da yashi da sinadarai, a tura su da matsi mai tsanani har dutsen ya tsattsage. Yashin ne ke shiga tsagogin ya tokare su don kada su rufe, gas ya samu hanyar fita. Rijiya guda na iya shanye lita miliyan goma zuwa ashirin ta ruwa, wasu ma sun fi haka. Tankoki ɗaruruwa ne za su yi ta safa da marwa a kan titunan ƙauye dare da rana. Wani kaso na ruwan yana dawowa sama, amma ba yadda ya shiga ba: yana fitowa da gishiri wanda ya ninka na teku, da ƙarafa masu guba, wani lokaci har da sinadarin radiyom. Ba mai sha, ba mai ban ruwa da shi, kuma dole a samar masa wurin zuwa.

Masu kare wannan sana'a suna cewa dutsen da ake fasawa yana can nesa ƙwarai da ruwan da rijiyoyin gidaje ke ja, kuma akwai dubban rijiyoyin gas da suka yi aiki ba wanda ya ji wani abu. Haka ne, ban musa ba. Sai dai hatsarin ba a can ƙasan ya fi yawa ba. Rijiyar dole ta ratsa ta cikin ruwan sha kafin ta kai inda za ta, kuma abin da ya raba su bututun ƙarfe ne da siminti. Siminti yana tsagewa, ƙarfe yana tsatsa, tanka tana kifewa, ramin tara gurɓataccen ruwa yana yoyo. A ƙarshen 2016 hukumar kare muhalli ta Amurka, bayan shekaru tana bincike, ta bayyana cewa ayyukan firakin na iya shafar ruwan sha a wasu yanayi, kuma an samu inda suka shafa. A jihar Oklahoma, inda ake ɗura gurɓataccen ruwan haƙar mai da gas cikin rijiyoyi masu zurfi, girgizar ƙasa mai maki uku zuwa sama ta tashi daga kamar biyu a shekara zuwa kusan 900 a 2015. Faransa ta haramta firakin tun 2011. Saboda haka tsoron mutanen Elsipogtog ba na jahilci ba ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka raba riba da asara. Rijiyar irin wannan gas tana bayar da mafi yawan abin da ke cikinta ne a 'yan shekarun farko, daga nan ta ja baya. Kamfani yana da wa'adi, yana da lissafi, ranar da lissafin ya daina fita sai ya kwashe kayansa ya nufi wani wuri. A lardin Alberta na Kanadar nan akwai dubban rijiyoyin mai da gas da kamfanoninsu suka durƙushe suka bar wa jama'a ɗawainiyar toshe su. Gwamnati ma tana da wa'adi, zaɓe ya zo ta tafi. Mutumin Elsipogtog ne kaɗai ba shi da wa'adi. Nan aka binne kakanninsa, nan ne harshensa ke da sunan kowane rafi, kuma ɗan filin da gwamnati ta keɓe masa ba ya ɗaukuwa a kai wani wuri. Idan aikin ya tafi lafiya, kuɗin sun tafi Texas da baitulmalin lardi. Idan aka samu kuskure guda, shi ne zai riƙa jiran tankar ruwa shekara da shekaru. Wanda zai ɗauki mafi nauyin asara, kuma ba shi da mafita, bai kamata a ce shi ne na ƙarshe da za a sanar ba. Ko a addininmu an san cewa mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta, kuma ba a yarda wani ya nemi arzikinsa ta hanyar cutar da maƙwabcinsa ba.

Bayan haka akwai maganar mallakar ƙasar kanta. A sassa da yawa na Kanada, Turawan Ingila sun ƙulla yarjejeniyoyin da suka rubuta cewa ƙabilu sun sallama ƙasa. Da Mi'kmaq ba haka aka yi ba. Yarjejeniyoyin zaman lafiya da abota da aka ƙulla da su tsakanin 1725 da 1779 sun yi magana kan daina yaƙi da ciniki da zaman tare, babu inda aka ce an miƙa ƙasa. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin Kanada na 1982 ya amince da haƙƙoƙin da ke cikin irin waɗannan yarjejeniyoyi. A 1999, a shari'ar Donald Marshall, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa yarjejeniyoyin 1760 da 1761 suna nan da ransu. A 2004, a shari'ar ƙabilar Haida, kotun ta ce wajibi ne gwamnati ta tuntuɓi 'yan asalin ƙasa kafin ta yi abin da zai taɓa haƙƙinsu, ko da ba a gama tabbatar da haƙƙin a kotu ba. Duk wannan yana rubuce kafin 2010. Don haka idan aka ce mutanen Elsipogtog sun karya doka da suka tare titi, sai a fara tambaya wa ya fara tsallake doka.

A tsakiyar shekarar 2013 ba a fara fasa dutse ba tukuna. Kamfanin yana matakin awo ne, da wasu manyan motoci masu dukan ƙasa don a ji abin da ke ƙarƙashi. Tun watan Yuni mutane suka kunna wutar al'ada a gefen hanya, suna kaɗa ganga suna addu'o'insu, ana kama su 'yan kaɗan-kaɗan. Mata ne a gaba, domin a al'adar Mi'kmaq kula da ruwa amanar mata ce. Kuma ba su kaɗai ba ne: manoma da masunta masu jin Faransanci, waɗanda ake kira Akadiyawa, da maƙwabta masu jin Ingilishi sun zo sun tsaya tare da su. Wannan ya kamata mai karatu a wajenmu ya lura da shi, kada ya ɗauka irin rigimar nan ce ta ɗan ƙasa da baƙo da ta ci mana rayuka. Ba wanda ya ce wa maƙwabcinsa ya tashi. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ɗaya suke sha, shi ya haɗa su.

A ƙarshen Satumba suka tare ƙofar wurin da kamfanin ya ajiye motocinsa kusa da garin Rexton. Ranar 1 ga Oktoba shugaban Elsipogtog, Arren Sock, ya bayyana cewa al'ummarsa ta karɓi kula da filayen da gwamnati ke riƙe da su a yankinsu, ya ce kamfanin ya fita. Kamfanin ya garzaya kotu ya ce yana asarar dubban daloli kullum, aka ba shi umarnin a buɗe hanya. Da asubahin 17 ga Oktoba 'yan sandan tarayya suka dira sansanin masu tare hanyar, wasu cikin kakin sari-ka-noƙe kwance a ciyawa da bindigogi, wasu riƙe da karnuka. Kafin rana ta yi tsaka jama'ar gari sun cika titin, tsofaffi da matasa. Aka fesa barkono, aka harba harsasan tarwatsa taro, aka kama mutum 40, har da shugaba Sock. A cikin wannan hargitsi ne wata matashiya ta durƙusa a tsakiyar kwalta, ita kaɗai, gabanta jerin 'yan sanda kafaɗa da kafaɗa, ta ɗaga gashin mikiya guda ɗaya sama. Wani ɗan jarida ya ɗauki hoton ta bayanta, ba a ganin fuskarta, sai bayanta da hannun da ta ɗaga da kuma bangon mutane masu makamai. Hoton ya zaga duniya.

A ranar kuma an ƙona motocin 'yan sanda shida, 'yan sanda suka ce sun samu bindigogi da abubuwan fashewa haɗin gida a sansanin. Ba zan ɓoye wannan ba, kuma ba na goyon bayansa. Ƙona mota bai tsarkake ruwan kowa ba, sai ma ya bai wa masu neman abin faɗa abin faɗa, har hoton hayaƙi ya danne maganar yarjejeniya a gidajen talabijin. Shugabannin garin da dattawa ba su suka ce a yi ba. Amma ban yarda da masu cewa wutar ta ƙone hujjar ba. Mutanen nan sun yi shekaru suna rubuta takardu, suna zuwa taro, suna zanga-zangar lumana, ba wanda ya saurare su. Kuma a duba saurin da shari'a ke yi idan mai kuɗi ne ya kai ƙara: kamfani ya samu umarnin kotu cikin 'yan kwanaki, alhali ƙarar mallakar ƙasa ta ƙabila takan ci shekara ashirin ko fiye. Hukumar da ke sauraren ƙorafi kan 'yan sandan tarayya ma sai a 2020 ta fitar da rahotonta kan abin da ya faru, shekara bakwai bayan an gama, inda ta ce wasu tsayar da motoci da binciken jikin mutane da aka yi ba su da madogara a doka.

Hujjar da ta fi ƙarfi a ɓangaren gwamnati ita ce talauci. New Brunswick na cikin larduna mafi ƙarancin arziki a Kanada. Matasanta suna hawa jirgi su tafi aikin mai a Alberta, su bar iyali. Firimiyan lokacin, wato shugaban gwamnatin lardin, David Alward, ya ɗora begensa kacokan a kan gas, yana cewa shi zai dawo da yaran gida. Ita kanta Elsipogtog rashin aikin yi ya yi mata katutu, gidaje sun yi kaɗan, iyalai a cunkushe. Wannan ba abin wasa ba ne, kuma duk wanda ya taɓa zama ba aiki ya san ba a gaya wa mai jin yunwa ya yi haƙuri don muhalli. To amma su waye suka ƙi? Su ne dai matalautan. Mutanen da suka fi kowa buƙatar aikin sun auna, suka ce ba su yarda su yi musayar ruwansu da aikin 'yan shekaru ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan kuwa da gaske alherin da ke cikin aikin ya kai yadda ake faɗa, me ya hana a kai musu shi a faifai tun farko, a bar su su zaɓa? Wasu ƙabilu a yammacin Kanada sun zauna da kamfanonin gas sun yi ciniki, sun karɓi hannun jari. Haƙƙinsu ne su ce e, kamar yadda yake haƙƙin waɗannan su ce a'a.

Ana kuma cewa su yarda da masana da hukumomin sa ido. Yarda kuwa tarihi ke gina ta. Waɗannan mutane ne da aka riƙa kwashe 'ya'yansu ana kai su makarantar kwana ta Shubenacadie don a raba su da harshensu, har zuwa 1967. A ƙarshen 2015 akwai gargaɗi 105 na dogon lokaci kan ruwan sha a garuruwan 'yan asalin Kanada, wato a tafasa kafin a sha ko kada a sha sam. Garin Neskantaga da ke Ontario yana cikin wannan hali tun 1995, a ƙasar da ke cikin mafi yawan ruwan daɗi a duniya. Hukuma ta kasa bai wa waɗannan garuruwa ruwa mai tsafta babu haƙar komai, kuma hukuma ce ke cewa su kwantar da hankali za ta tsare musu shi bayan an fara. A New Brunswick ɗin ma, malamin jami'ar da gwamnati ta ɗora wa nazarin batun gas, wanda ta naɗa shugaban cibiyar makamashi ta lardin, ya sauka a Satumban 2013 bayan ya amsa cewa bai faɗi gaskiya kan takardun karatunsa ba. Wata guda ke nan kafin samamen 'yan sanda a Rexton. A Amurka kuma, bututun Dakota Access mai ɗauko man da aka fito da shi ta hanyar firakin, an taɓa duba yiwuwar ya ratsa kogin Missouri ta arewacin birnin Bismarck, aka fasa, kuma cikin dalilan akwai kusancinsa da ruwan shan birnin. Sai aka bi da shi ta bakin ƙasar ƙabilar Standing Rock. Ashe an san akwai hatsari, zaɓen wanda zai ɗauka kawai aka yi.

Wasu sun ce mutanen Elsipogtog sun yi gaggawa, tunda awo kawai ake yi, ba a haƙa ko rijiya ɗaya ba. Ni a ganina lokacin da ya dace ke nan. Da zarar an gano gas, an zuba miliyoyi, an shimfiɗa bututu, magana ta koma ta diyya, ba ta a yi ko kada a yi ba. Ƙabilar Blueberry River da ke arewa maso gabashin lardin British Columbia ta ga haka da idonta. Can ba a taɓa kawo musu wani gagarumin aiki guda da za a ce shi ne ya cinye ƙasar ba. Lasisi ne ɗaya bayan ɗaya, rijiya nan, titi can, bututu gaba, kowanne ƙarami a takarda. A 2021 babbar kotun lardin ta yanke cewa gwamnati ta karya yarjejeniyar da ke tsakaninsu, bayan an nuna cewa kashi 73 cikin 100 na ƙasarsu ta gado yana tsakanin mita 250 da wani aikin masana'antu. Sun ci shari'a, amma dajin da suke farauta a ciki ya riga ya zama gutsi-gutsi.

Shi ya sa nake ganin tuntuɓa kaɗai ba ta isa ba. Ana iya tara mutane a zaure, a raba musu takardu da shayi, a rubuta cewa an ji ta bakinsu, sannan a yi abin da dama aka shirya. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa ta 2007 ta nemi abin da ya fi haka: amincewa ta son rai, wadda aka nema kafin a fara, bayan an yi cikakken bayani. Kanada na cikin ƙasashe huɗu da suka ƙi ta a lokacin, tare da Amurka da Ostareliya da New Zealand, sai a 2021 ta kafa dokar aiki da ita. Najeriya kuwa tana cikin ƙasashe 11 da suka ƙaurace wa ƙuri'ar.

Wannan magana ba ta yi mana nisa kamar yadda ake zato ba. A farkon 2015 mutanen In Salah, a tsakiyar Saharar Aljeriya, sun yi watanni suna zaman dirshan a dandalin garinsu kan rijiyar gwajin irin wannan gas, domin rayuwarsu da dabinonsu sun rataya ne a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda ba ya sabuntuwa. A Najeriya tsarin mulki ya damƙa duk man fetur da gas da ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya, dokar amfani da ƙasa ta 1978 kuma ta damƙa filaye a hannun gwamnoni. Aikin man Kolmani da aka ƙaddamar a 2022 a iyakar Bauchi da Gombe ba firakin ba ne, kuma ina cikin masu fatan ya kawo alheri. Amma manomi da makiyayin wurin suna da haƙƙin a auna ruwan rijiyoyinsu tun yanzu, a ba su sakamakon a hannu, a gaya musu inda za a zubar da dagwalon haƙa, da wanda zai biya idan abu ya lalace. A Ogale ta ƙasar Ogoni, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya tarar da mutane suna shan ruwa mai sinadarin benzin, wata guba da ke cikin ɗanyen mai, da ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900.

A New Brunswick, kamfanin ya lallaɓa ya ƙarasa awonsa a Disambar 2013 ƙarƙashin gadin 'yan sanda. Amma batun gas ya zama jigon zaɓen Satumban 2014, Alward ya faɗi, kuma a Disambar shekarar sabuwar gwamnatin Brian Gallant ta sanar da dakatar da firakin sai an cika sharuɗɗa biyar, ciki har da yardar jama'a, da tsarin zubar da gurɓataccen ruwa, da tuntuɓar 'yan asalin ƙasa. A 2016 aka tsawaita dakatarwar ba tare da wa'adi ba, a shekarar kuma Elsipogtog ta shigar da ƙarar neman a tabbatar mata da mallakar kusan sulusin lardin. Sai dai dakatarwa alƙalamin gwamnati ce, wata gwamnatin na iya soke ta. A 2019 gwamnatin Blaine Higgs ta sassauta ta a yankin Sussex ba tare da ta zauna da shugabannin ƙabilu ba. A 2025 maƙwabciyarsu Nova Scotia, wadda ita ma ƙasar Mi'kmaq ce, ta ɗage haramcin da ta sa tun 2014, kuma shugabannin Mi'kmaq na can sun fito sun ce ba a tuntuɓe su ba kafin a kai dokar majalisa.